Balbelun Bangon Ɗakin Karatu

Litinin, 5 ga Mayu

Shugaban makaranta ya ba ni bangon. Bangon gabas na sabon ɗakin karatu, tun daga ƙofa har taga ta ƙarshe, ko ƙusa ba a buga masa ba. Ya ce tun da ƙarshen wannan zangon zan yi ritaya, ya kamata in bar wa makaranta abin da ba za a iya naɗewa a jefa a sito ba. Ranar ba da hutu za a buɗe ɗakin, da baƙi da iyayen yara.

Wannan Shugaban ni na koya masa riƙe fensir yana aji ɗaya, lokacin da yake zana doki kamar tebur mai wuya. Yau ga shi kan kujera mai juyawa yana tambayata, cikin ladabi dai, ko za a samu zaki da giwa don baƙi su ga abin burgewa. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin zaki a bayan makarantar nan. Ya yi dariya ya sosa ƙeya, irin yadda yake yi tun yana yaro.

Fadamar bayan filin ƙwallo zan zana. Ita na yi shekara talatin da wani abu ina zanawa, a takarda, a kwali, a yadi, ban taɓa gajiya da ita ba. Ina so yaron da ya ɗaga kai daga littafi ya ga abin da yake wucewa kullum bai kalla ba.

An ce bangon fari aka shafa. Ni dai ruwan madara na gani. 'Yan kwangilar zamani.

Asabar, 10 ga Mayu

Na kai 'yan ƙungiyar zane fadama da sassafe. Dokata ba ta canza ba: fensir a aljihu, baki a rufe, a zauna a kalla tukuna. Wanda ya riga idonsa zana abu, abin da ke kansa zai zana, ba abin da ke gabansa ba.

Ruwa ya fara taruwa. Shamuwa ta dawo, tana takawa a hankali kamar mai binciken makarantu. Wani guza ya baje a kan kututturen giginyar da ta faɗi, ya yi mana zaman hoto har aka gama da shi, Allah ya saka masa. Sai makiyayi ya koro shanunsa, balbelu suka sauko suna bin sawunsu. Kai, zuciyata. Kullum kamar yau na fara gani.

'Yar Me-ya-sa, doguwar yarinyar nan ta aji huɗu da ba ta iya haɗiye tambaya, ta so ta san dalilin da balbela ba ta tsoron kofato. Na ce ta zuba ido a kan ciyawa, ba a kan tsuntsuwar ba. Can ta ga fara na tashi duk inda saniya ta taka, balbela na cafkewa. Yadda fuskarta ta buɗe, don wannan kaɗai nake aikin nan.

Ranar bana akwai ƙyalli. Na ja malafa har gira, duk da haka ruwan yana soka mini ido. Tabaraun nan ya tsufa.

Laraba, 14 ga Mayu

Na gama shata bangon da gawayi. Giginyu uku a hagu, shanu a tsakiya, zalɓe shi kaɗai can dama yana tunanin duniya, balbelu ko'ina.

Baban yara ya ce mace mai jikoki ba ta da abin nema a kan tsani. Na ce to ya zo ya riƙe. Abin mamaki ya zo. Tun da ya bar aikin gidan waya ba shi da abin yi sai gyara rediyon da ba ta lalace ba, yanzu ga shi da muƙami: mai riƙe tsani. Hannu ɗaya a tsani, ɗaya a jarida.

Alhamis, 22 ga Mayu

Farin fentin da na saya ba fari ba ne. Na ɗora wa balbela ta farko, ta fito kamar an shafa mata man shanu.

Na ɗauki gwangwanin na koma wa mai fenti na bakin kasuwa. Mutumin da muka fi shekara ashirin muna hulɗa. Ya buɗe, ya juya da sanda, ya ɗaga ya kalla, ya ce Malama wannan ai ya fi haƙorin jariri fari. Na ce ya buɗe wani. Ya buɗe, duk kanwar ja ce. Ya buɗe na wani kamfani, shi ma haka. Na ce masa kayansa sun daɗe a ajiye sun yi tsatsa, ya ce makon jiya aka sauke su, har ya kira maƙwabcinsa mai ƙusa shaida. Mai ƙusa ya leƙa ya ce fari ne. To me ake jira mai ƙusa ya ce? Shagonsu ɗaya, inuwarsu ɗaya.

Na kwaso kayana. Ba yau na fara ba. Kowane mai zane ya san in fari ya yi rawaya-rawaya, ɗigon shuɗi ake sa masa ya farfaɗo, kamar yadda ake sa wa farin kaya bula a wanki. Na ɗiga. Bai isa ba, na ƙara. Sai da na ƙara sosai kafin ya yi hankali.

Talata, 27 ga Mayu

Shuɗin ma na bana ba shi da ƙarfi. Cokali uku yake ci a inda da ɗaya ya isa. Komai an rage masa kyau.

Talata, 3 ga Yuni

Na bar yaran su shiga aikin. Na ba su bado da kainuwa da ƙananan agwagin ruwa na ƙasan bango, inda hannunsu yake kaiwa. Kowa da faranti da buroshi, hanci duk fenti. Wani ya yi wa agwagwarsa gira. Na bar ta, ai ita ma halitta ce.

Ina kan tsani sai na ji muryar 'Yar Me-ya-sa daga ƙasa.

"Malama, me ya sa balbelun shuɗaye ne?"

Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ake yi in wani ya faɗi abin da kowa yake ɓoyewa. Na sauko na yi musu bayani da kyau, ba da faɗa ba: fari ba ya zama fari shi kaɗai, yana aro daga abin da ke kewaye da shi, tsuntsun da ke tsaye a kan ruwa ƙarƙashin sama dole inuwarsa ta ɗauki shuɗi kaɗan. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce ta gane maganar inuwa, amma ita ba inuwar take nufi ba, duk jikin. Na ce ta ja da baya ta sake dubawa. Ta ja har ƙofa, ta duba, ta dawo ta ɗauki buroshinta ta ci gaba da aiki.

Da ta yi gardama da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 9 ga Yuni

A ɗakin malamai malamin kimiyya, mai bakin reza, ya tambaye ni ko tsuntsayena sun faɗa bokitin wanki ne. Aka yi dariya, wasu a fili, wasu cikin kofin shayi. Na ce masa ranar da na shiga ɗakin gwajinsa na gyara masa haɗi, ranar ya zo ya gyara mini launi.

Mutanen da ba su taɓa zama awa guda a bakin fadama ba. Balbelarsu ta kalanda ce.

Laraba, 11 ga Yuni

Shugaba ya kira ni ofis. Ya tashi ya ja mini kujera da kansa, ya aika a kawo ruwan sanyi, ya tambayi gwiwata, ya tambayi Baban yara, ya tambayi Auta da mijinta. In ka ga an yi maka shimfiɗa da yawa, akwai rami a ƙasa.

'Yan kwamitin makaranta sun zaga ɗakin karatun ranar Litinin. Sun ce zanen ya yi kyau, tsarin ya yi kyau, shanun kamar su yi kuka. Launin ne. Wai ruwan ya yi kama da tawada, tsuntsayen kuma ba a san irinsu ba. Sun yanke cewa in ba a gyara ba kafin ranar buɗewa, a shafe bangon a mayar da shi fari, a rataya taswira.

Taswira.

Ya ce, "Malama, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba."

Na ce, "Ɗana, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba zan canza ko ɗigo ba. In za ku shafe, ku shafe ina tsaye."

Ya sunkuyar da kai. Na ji tausayinsa, amma ban nuna ba. Na fita na koma kan tsani, na ƙarasa fuka-fukan balbelar da ke shirin sauka a bayan bijimi. Ta yi kyau. Wallahi ta yi kyau.

Lahadi, 15 ga Yuni

Auta ta zo da yaranta. Tana shiga tsakar gida ta tsaya gaban igiyar shanya ta kama dariya har da riƙe ciki. Wai yaushe Baba ya koma sa kaya ruwan sararin sama. Na ce fararen rigunansa ne, sun dafe, na ƙara musu bula. Ta ce Umma ba ƙarawa kika yi ba, rini kika yi.

Na juya ga mutumin nawa. Yana zaune da ɗaya daga cikinsu a jikinsa, yana buɗe bayan rediyo. Na ce ya faɗi gaskiya. Bai ɗago ba. Ya ce shi dai wata biyu ke nan abokansa na majalisa suna ce masa ango, kuma bai ga laifin hakan ba.

Wata biyu. Yana sawa yana fita, bai ce mini uffan ba.

Da yamma, bayan sun tafi, ya kawo kujerarsa kusa da tawa. Ya ce ba maganar bango yake yi ba, bango nawa ne. Tabarau kawai za mu je a canza, tun da ni da bakina na ce ya tsufa. Na ce tabarau kawai. Ya ce tabarau kawai.

Alhamis, 19 ga Yuni

Likitar ido yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba, mai sanyin hannu. Ta ɗiga mini magani, ta sa haɓata a kan wani ƙarfe, ta haska. Ta daɗe tana leƙe. Sannan ta tambayi sana'ata. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro.

Yanar ido ce. A duka biyun, na dama ya fi. Ta ce ba irin wadda take fitowa fara a gani daga waje ba ce, wannan a ciki take, tana yin rawaya a hankali, shekara da shekaru, har mutum ya zama kamar mai kallon duniya ta cikin kofin shayi bai sani ba. Ta ce launin da take fara cinyewa shi ne shuɗi.

Baban yara ya sami wani abu mai muhimmanci a silin yana kallo.

Ta ce aikin ba ya daɗewa, a yi da safe a koma gida da rana, tana iya sa ni mako mai zuwa. Na gode mata ƙwarai. Na ce ina da bango. Da idon da na fara, da shi zan gama.

Muka kama hanyar gida. Ya tsaya ya saya mini ayaba, kamar wata marar lafiya.

Juma'a, 20 ga Yuni

To ko da haka ne. Wa ya ce idon 'yan kwamiti ne mudu? Kowa da kofin shayinsa, nasu dai ba a auna ba. Abin da na gani na zana, ban yi wa kowa ƙarya ba, kuma haka na koya wa yara tun ina budurwa.

Ba wuƙar nake tsoro ba. In an buɗe, na juya na kalli abin da na zana a shekarun nan, na ga ban san mai shi ba fa?

Bari in je in wanke burosai.

Asabar, 28 ga Yuni

Fadama da yaran. Ta cika taf, bado ya buɗe, kwaɗi sun kafa kasuwa. Zalɓen nan nawa yana inda na bar shi, kamar an dasa. Na nuna musu yadda yake naɗe wuya in zai tashi, saɓanin shamuwa da take miƙe nata. Wani yaro ya ce ashe zalɓe malalaci ne, ko wuyansa ba ya iya ɗauka. Na ce a rubuta wannan a ƙasan zanen, ilimi ne.

Yau ban yi maganar launi ba. Siffa kawai muka yi, da gawayi. Gawayi ba ya jayayya da kowa.

Laraba, 2 ga Yuli

Na gama koya wa aji uku yadda ake raba haske da inuwa a jikin tulu ke nan, an fita hutu, sai masinja ya leƙo ya ce in zo ɗakin karatu. Na bi shi.

Mai fentin kwangila ne ya zo da bokiti da doguwar sandarsa, wai an ce ya auna bango ya ga ko shafa nawa zai ci. Bai samu wurin tsayawa ba. 'Yan ƙungiyar zane, da waɗanda ba na ƙungiya ba, da wasu 'yan aji ɗaya da ban ma san su ba, sun zauna a ƙasa sun jingina da bangon daga ƙofa har taga, kowa da littafi a buɗe. Ba hayaniya. Karatu suke yi, a ɗakin karatu. Wasu littafin a juye.

Ban sa su ba. Na rantse ban sa su ba, ko da yake da sun tambaye ni da ban hana ba.

Shugaba ya zo, ya tsaya hannu a baya. Ya tambaya wa ya shirya wannan. 'Yar Me-ya-sa ta miƙe, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ce ba su karya doka ba, lokacin hutun tara ne, kuma agwagin da ke ƙasan nan nasu ne, in za a shafe suna so su san me ya sa. Ya dube ta, ya dubi agwagwa mai gira, ya dube ni. Na ga bakinsa yana rawa, dariya yake dannewa. Ya ce wa mai fenti ya tafi da bokitinsa, akwai bangon kicin da ke jiransa. Kwamiti kuma a bar shi da su.

Na yi nasara. Har na ji gwiwata ta daina ciwo.

A baranda na riƙo hannun yarinyar na ce to yanzu ta gane ke nan.

Ta ce, "Har yanzu shuɗaye ne, Malama. Mu dai ba ma so a shafe."

Wannan yarinya za ta yi nisa, in ba a kore ta a hanya ba.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na gama. Na sa hannu a can ƙasa, gefen kainuwa, ƙanana. Baban yara ya naɗe tsani, ya ja da baya ya daɗe yana kallo, ya ce shanun sun ƙoshi.

Na ce masa ya kira likitar. Ba don maganar kowa ba. Na gama aikina da idona, ba wanda zai ce an gyara ni kafin in iya. Yanzu in suna so su wanke gilashin, su wanke.

Laraba, 9 ga Yuli

An yi na dama. Ba zafi, sai haske da ruwa da muryar likitar tana ce wa wata ta miƙo kaza. An rufe da auduga. Ba tsani, ba sunkuyo, ba ƙura. Auta ta ƙwace mini har tsintsiya.

Alhamis, 10 ga Yuli

Likitar ta cire audugar.

Abin da na fara gani rigarta. Na ɗauka fitila aka kunna a jikinta. Na manta akwai irin wannan farin a duniya, fari mai sanyi, kamar ka sha. Na tambaye ta ko sabuwa ce, ta ce ta fi shekara tana sawa.

Sai na juya ga Baban yara. Ashe gemunsa ya yi fari fat. Ni ina ganinsa ruwan ƙasa-ƙasa, ina cewa mutumin nawa yana riƙe da ƙuruciyarsa. Yaushe ya tsufa haka ban sani ba? Na daɗe ina kallonsa har ya tsargu ya ce ko bai wanke fuska ba ne. Rigar jikinsa kuwa... bari dai.

A hanya na cire baƙin tabaraun da suka ba ni na ɗan saci kallon sama, ya ce in mayar. A gida na tsaya gaban murhun gas kamar baƙauya. Harshen wutar shuɗi ne, shuɗi na gaske. Auta ta ce Umma ruwan zai ƙone.

Asabar, 12 ga Yuli

Ban tambayi kowa labarin makaranta ba. Hutawa aka ce in yi, ina hutawa.

Zanukan da ke falo na juya su suna kallon bango. Ƙura ce nake kare su daga ita.

Laraba, 16 ga Yuli

Na sa Baban yara ya kai ni makaranta bayan an tashi, lokacin da ba kowa sai maigadi. Na ce ya jira a mota.

Na tsaya a ƙofa na rufe na dama da tafin hannu, na kalla da na hagu, tsohon. Ga bangona nan yadda na bar shi. Ruwa mai laushi, balbelu farare, safiya sosai. Duk abin da na faɗa wa Shugaba gaskiya ne.

Sai na sauya hannu.

Kamar an zazzage kantin bula a fadama. Ruwan tawada ne, ba ƙari a maganarsu. Balbelun... har wadda ke sauka a bayan bijimi. Ita ta fi.

Na yi ta sauyawa, hagu, dama, hagu, dama, kamar mai wasa da jariri. Agwagin yaran ne kaɗai ba sa canzawa sosai. Launinsu daidai yake. Yaran suna zaune a ƙarƙashin wannan shuɗin wata guda suna haɗa nasu yadda suka gani, ba wanda ya kwaikwaye ni. Ban san ko in yi fushi ko in yi alfahari ba.

Da na koma mota bai tambaye ni ba. Ya ce maigadi ya ba shi labarin akuyarsa ta haifi uku.

Asabar, 19 ga Yuli

Shugaba ya bugo waya, murna fal. Ya shawo kan kwamiti, har wanda ya fi baki a cikinsu ya ce ai salo ne, manyan masu zane haka suke yi. Za a kafa ƙaramin allo da sunana a gefe. Ba mai taɓa bangon nan muddin yana kan kujerar.

Salo. Na ce na gode.

Laraba, 23 ga Yuli

Jibi buɗewa. Akwai wani fili a bangon kusa da ƙofa, tsakanin ciyawa da ƙafar saniyar farko, daidai ƙirjina, ba sai da tsani ba. Tun farko wurin ya yi mini faɗi. Ba gyara na je yi ba, cike gurbi ne, kowane mai zane yana yi.

Na aika a kira mini 'Yar Me-ya-sa ta riƙe faranti, tun da an hana ni sunkuyo. Na zuba fari. Na taɓa shuɗi da bakin tsinke, na juya. Na ce ta kai taga ta faɗa mini abin da ta gani. Ta tsaya tana kallona, tana jiran in riga ta faɗa, kamar kullum. Na yi shiru. Ta je ta dawo ta ce fari ne, amma in da ita ce da ta ɗan sa ruwan ƙasa a kai da ƙirji, don na fadama haka suke a wannan lokacin. Haka ne kuwa. Na ce ta haɗa.

Balbela ɗaya, tsaye, wuya a ɗan karkace tana kallon sauran. Ba ta ci lokaci ba.

Shugaba ya shigo da masu jera kujeru, ya ja ya tsaya. Ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce Malama wannan fa za ta sa a lura da sauran. Na ce masa baƙuwa ce, daga wata fadama ta zo, a bar ta ta huta. Ya sosa ƙeya. Yarinyar ta buɗe baki, na ga tambayar ta taso har maƙogwaro, sai ta mayar da ita ta tafi wanke buroshi.

Sauran ban taɓa su ba, kuma ba zan taɓa ba. Na faɗa a ofis, magana ɗaya nake yi.

Na ce wa Baban yara in ya samu sarari ya tambayi likitar yaushe take da wuri don na hagun. Tambaya kawai. Amma ba wannan makon ba, ba mai zuwa ba. Ina so in ƙara zuwa sau ɗaya ko biyu in an watse, in rufe na dama, in kalli bangon in ƙoshi tukuna.